Stratocaster, Telecaster, Les Paul, SG ko mai ruwa biyu: wace jitar lantarki za ka saya don kiɗan rok?

Idan ka tara kuɗin jitar lantarki ta farko, da wuya hankalinka bai rabu tsakanin siffa biyu ba: mai ƙaho biyu da ka gani a hannun Jimi Hendrix ko Mdou Moctar na Nijar, da mai kaurin nan mai ƙaho ɗaya da ke rataye a wuyan Jimmy Page ko Slash. Ta farko Stratocaster ce ta kamfanin Fender, ta biyu Les Paul ce ta Gibson. Ni ma na taɓa tsayawa a wannan mararraba, kuma da ido na zaɓa, na sha wahala daga baya. Shi ya sa nake so mu bi abin a tsanake. Yadda aka gina kowace jita shi ya haifi reshen rok ɗin da aka san ta da shi, kuma ginin nan dai shi ne zai nuna ko za ta zauna lafiya a ɗaki mai wutar janareta da ƙurar hunturu.

Ma'aunan da za mu auna da su

Na farko sauti. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jitar lantarki akwai maɗaukin sauti, wanda makaɗa ke ce wa fikof: maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Iri biyu ne suka raba tarihin rok gida biyu. Mai naɗi ɗaya yana ba da sauti garau mai kaifi, kana jin kowace tsirkiya daban, sai dai yana kwaso ƙugin wutar lantarki. Mai naɗi biyu, wato hambaka, wanda injiniyan Gibson Seth Lover ya ƙera aka fara sa wa Les Paul a 1957, naɗinsa biyu suna kashe ƙugin juna, sautinsa kuma ya fi kauri da ƙarfi. Idan ka gane wannan bambanci, ka gama rabin aikin zaɓe.

Na biyu farashi. Zan ba da shi da dalar Amurka a kimance, na sabuwar jita a can inda ake sayar da ita, domin kafin ta iso Kano ko Yamai kuɗin dako da kwastan da canji sun hau kai. Ba zan ɓata maka lokaci da manyan samfura ba. Fender tana da ƙaramin suna mai sauƙin kuɗi, Squier, tun 1982, Gibson kuma tana da Epiphone da ta saya a 1957, kuma a nan mai farawa yake cefane.

Na uku ƙarko: me zai faru idan ta faɗi, kuma wa zai iya gyara ta a garinku. Na huɗu sauƙin kaɗawa, wato nauyi a kafaɗa da taurin tsirkiya a yatsa. Na biyar haɗari: jabu, ƙugi, da kayan gyaran da ba a samu kusa.

Telecaster

Ita ce babbar yaya. Leo Fender, mai gyaran rediyo a Fullerton ta jihar Kalifoniya wanda shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya fitar da ita a 1950, ta samu sunan Telecaster a 1951. Tunanin mai gyara ne ya gina ta: faffaɗan katako guda, wuya da aka ɗaura da noti huɗu, fikof biyu masu naɗi ɗaya, da jaki kafaffe wanda ba ya motsi, kamar dai jakin goge. A lokacin ne kiɗan bulus na baƙaƙen Amurka da kiɗan kantiri na fararen karkara suke haɗuwa su zama rok-an-rol, kuma sautinta mai tsini ya dace da ƙaramar ƙungiya da ke son a ji ta ta cikin hayaniyar gidan rawa.

Ana yawan ɗaukar ta jitar kantiri kawai, kuma wannan rashin adalci ne. Keith Richards na Rolling Stones da ita aka fi saninsa, Jimmy Page da ita ya naɗi mafi yawan faifan Led Zeppelin na farko, wanda ya fito a 1969, sannan da guguwar pank ta taso a Landan a 1976, tsohuwar Telecaster ce a hannun Joe Strummer na Clash, duk ta sha duka fenti ya goge. Squier ɗinta tana kamawa daga kusan dala 200 zuwa 450. A ƙarko babu kamarta a wannan jeri, saitin tsirkiyarta kuma yana daɗewa bai sauka ba. Aibinta biyu ne: gefen jikinta ba a fafe shi ba, yana danna haƙarƙari idan ka daɗe a zaune, kuma tana ƙugi kamar duk mai naɗi ɗaya.

Stratocaster

A 1954 Fender ya saurari ƙorafin makaɗa ya fito da wannan. Ya fafe jikin ta inda ciki da hannu ke taɓawa, ya ƙara fikof ya zama uku, ya sa jaki mai sifirin da sandar da ake dannawa a lanƙwasa sauti. Buddy Holly ya sa matasa suka san ta a ƙarshen shekarun 1950, Dick Dale ya gina kiɗan masu wasan igiyar ruwa na Kalifoniya a kanta a farkon shekarun 1960, sai Hendrix ya zo ya nuna abin da ko maƙerinta bai hango ba. A bikin Monterey na 1967 da na Woodstock na 1969 ya mayar da kukan amfilifaya da sandar nan wani ɓangare na kiɗan kansa, kuma wannan sautin ya zama tambarin rok mai ɗauke hankali na wancan zamani. David Gilmour na Pink Floyd ya bi da ita ta wata hanya, dogon sauti mai ja kamar ana kuka daga nesa.

A nan ne labarin ya taɓo mu kai tsaye. Kiɗan jita na Abzinawa, wanda ƙungiyar Tinariwen ta share wa hanya daga ƙarshen shekarun 1970 kuma ya zama kiɗan biki a Agadas, yana tafiya ne a kan tsirkiya ɗaya-ɗaya da sauri, yatsa na bugawa yana saki, tsirkiyar sama tana amsawa kamar ganga. Irin wannan kiɗa yana son sauti garau wanda ba ya cakuɗewa, abin da mai naɗi ɗaya ya fi iyawa ke nan. Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da hannunsa da wayar birkin keke a matsayin tsirkiya, Stratocaster ta bahago yake kaɗawa yau a manyan dandamalin duniya. Duk mai son wannan salo, ko mai son ya kwaikwayi tafiyar molo da gurmi a jitar lantarki, nan ya kamata ya fara dubawa.

Farashin Squier ɗinta daidai yake da na Telecaster, kusan dala 200 zuwa 450, ta Fender ƙirar Meziko kuma ta doshi 800. Nauyinta wajen kilo uku da rabi, kuma a jiki babu wadda ta kai ta daɗin runguma. Tsawon tsirkiyarta daga jaki zuwa kan wuya inci 25.5 ne, don haka ta ɗan fi ta Gibson tauri a yatsa, amma siririyar tsirkiya mai lamba 9 tana magance wannan. Wuyanta noti huɗu ne. Idan ya lalace a kwance a sa wani, kuma da yake babu jitar da aka kwaikwaya a duniya kamarta, kayan gyaranta sun fi na kowa samuwa.

Sai maganar ƙugi, wadda ba na so ka raina. Ranar da na fara jona tawa da wutar janareta a wani ɗakin atisaye, kafin in taɓa tsirkiya sifika ta ɗauki wani zuuu mai cika kunne. Na riƙa juyawa a hankali da jitar a jikina kamar mai neman tasha a rediyo, har na sami kusurwar da ƙarar ta ragu, a nan na ƙame na yi kiɗan awa biyu ina fuskantar bango. Daga baya na koyi dabarar: makunninta yana da matsayi biyar, kuma a yawancin na zamani matsayi na biyu da na huɗu suna haɗa fikof biyu su kashe ƙugin. Yana taimakawa ƙwarai, sai dai ya rage maka zaɓin sauti. Sandar lanƙwasa sautin ma, a masu arha, tana sauke saiti da zarar ka matsa mata. Da yawa sukan ƙara sifirin a baya su kafe jakin su huta.

Les Paul

Gibson ta fitar da ita a 1952 da sunan wani shahararren makaɗi. Ginin kafintan gargajiya ne: jiki mai kauri na katakon mahogani da murfin katakon mapul a sama, wuya kuma manne da gam. Abin mamaki, kasuwarta ta faɗi har aka daina yin ta a farkon shekarun 1960. Samarin Ingila masu son bulus ne suka tono ta. A 1966 Eric Clapton, yana ƙungiyar John Mayall, ya jona tsohuwar Les Paul da amfilifayar Marshall ya ƙure murya, sai ga wani sauti mai gurnani da dogon numfashi wanda ba a saba ji a faifai ba. Nan take kowa ya shiga neman tsofaffin, har kamfanin ya dawo da ƙera ta a 1968. Daga wannan haɗi na hambaka da Marshall aka samu had rok na shekarun 1970, kuma da kasuwarta ta sake yin sanyi, Slash na Guns N' Roses ya farfaɗo da ita a ƙarshen shekarun 1980.

Gaskiya ina son sautinta fiye da na kowace. Ka bugi tsirkiya ɗaya ka saki, sai ta yi ta ja kamar ba za ta ƙare ba. Tsawon tsirkiyarta inci 24.75 ne, ta fi laushi wajen lanƙwasawa, kuma ba ta damu da janareta ba. Amma kuɗinta ya fi: Epiphone mai kyau tana tsakanin dala 450 da 700, ta Gibson ainihi samfurin Standard ta haura 2,500. Nauyinta yakan kai kilo huɗu zuwa huɗu da rabi, wanda a minti goma na farko ba komai ba ne, amma a bikin da za a kai dare ana tsaye kafaɗa za ta gaya maka.

Babban rauninta yana wuya. Kan wuyan ya karkata baya, kuma daidai wurin karkatar katakon ya fi siranta. Na ga wadda aka jingine a jikin sifika, wani ya taka waya, ta zame ta faɗi ta baya a kan siminti. Faɗuwar ba ta kai a ce an yi ƙara ba, amma da aka ɗaga sai ga kan yana lilo, tsirkiyoyi shida ne kawai ke riƙe da shi. Ana gyara irin wannan karaya, sai dai aikin gwanin jita ne mai gam na musamman da matsi, kuma irinsu ba su da yawa a garuruwanmu. Da Fender ce ta yi wannan faɗuwar, da wuya ta wuce ƙujewar fenti.

Ga kuma jabu. Babu jitar da ake yi wa jabu kamar wannan. A 2024 kaɗai jami'an kwastan na Amurka sun sanar da kama jabun Gibson sama da 3,000 a tashar ruwan Los Angeles. Idan aka miƙo maka sabuwa fil mai tambarin Gibson a kuɗin da bai kai na Epiphone ba, ka ajiye ta. Gara Epiphone ta gaskiya sau goma.

SG

Ita Gibson ta fitar a 1961 don maye gurbin Les Paul: siririya, mara nauyi, mai ƙahoni biyu masu tsini, da hambaka biyu. Sister Rosetta Tharpe, mawaƙiyar coci da tun shekarun 1930 da 1940 take kaɗa abin da daga baya aka kira rok-an-rol, farar irin wannan ta riƙe a shekarunta na ƙarshe. Amma sunan SG ya fi manne da hebi metal. Tony Iommi na Black Sabbath, ɗan birnin Birmingham, injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Ya yi wa yatsun hula da narkakkiyar roba, ya koma siraran tsirkiyoyi, daga baya ya sassauta saitinsu don rage zafi, sai sautin ya yi ƙasa ya yi duhu. Faifansu na farko ya fito a 1970, kuma daga nan ake fara lissafin metal. Angus Young na AC/DC ma ita ce abokiyarsa.

Epiphone SG tana tsakanin dala 200 da 550, nauyinta wajen kilo uku. Ga mai ƙaramin jiki da ke son sautin Gibson, sauƙi ce babba, yatsa kuma yana kaiwa ƙarshen wuya ba tare da wahala ba. Sai dai ta gaji raunin wuyan yayarta, kuma saboda jikin ba nauyi, da ka saki hannu kan yakan sunkuya ƙasa. Faffaɗan maratayin fata yana rage wannan.

Mai ruwa biyu

A shekarun 1970 wani saurayi a Kalifoniya, Eddie Van Halen, ya so jikin Stratocaster da sautin Gibson a jita ɗaya. Babu mai sayar da irinta, sai ya fafe katako ya cusa hambaka da kansa. Da faifan ƙungiyarsa ya fito a 1978, kamfanoni suka bi sahu, kuma metal mai gudu na shekarun 1980 a kan irin wannan jita aka yi shi. Ibanez ta Japan ta fitar da samfurin RG a 1987 mai siririn wuya da gaɓa 24, wato ƙarafan da aka jera a kan wuyan, Yamaha kuma ta kawo Pacifica a farkon shekarun 1990. Ko da salon rok da ake kira giranj ya taso daga Seattle a 1991 yana ƙyamar ƙyale-ƙyalen metal, dabarar ba ta canja ba: tsohuwar Fender Jaguar da Kurt Cobain ya fi shahara da ita hambaka ne a jikinta.

Wadda nake nufi ga mai farawa ita ce mai hambaka ɗaya kusa da jaki da masu naɗi ɗaya guda biyu a sama, kamar Pacifica 112, ko Squier Stratocaster mai wannan tsari, ko jerin GIO na Ibanez. Kuɗinsu dala 200 zuwa 350. Wuya na noti ne, nauyi irin na Stratocaster, idan wuta ta yi datti ka koma kan hambaka, idan ta yi kyau ka dawo sauti garau. Ba za ta ba ka cikakken kaurin Les Paul ba, wannan gaskiya ne, kuma ba ta da kwarjinin suna idan ka tashi sayarwa.

Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: ka guji mai jaki irin na Floyd Rose, wanda ke kulle tsirkiya sama da ƙasa. Ga gwani abin so ne. Ga mai koyo, tsirkiya ɗaya ta tsinke duk sauran biyar sun fita saiti, canjawa kuma sai da ƙananan makullai da haƙurin awa guda.

| Jita | Farashi da dala | Ƙarko | Sauƙin kaɗawa | Babban haɗari | Salon da ta fi dacewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Telecaster ta Squier | 200–450 | Mafi ƙarfi | Matsakaici | Ƙugi | Rok-an-rol, pank |
| Stratocaster ta Squier | 200–450 | Mai ƙarfi | Mai sauƙi | Ƙugi, saukar saiti | Bulus rok, kiɗan Agadas |
| Les Paul ta Epiphone | 450–700 | Wuya mai rauni | Nauyi, tsirkiya mai laushi | Karaya, jabu | Had rok |
| SG ta Epiphone | 200–550 | Wuya mai rauni | Mara nauyi | Karaya, sunkuyawa | Metal na farko, had rok |
| Mai ruwa biyu | 200–350 | Mai ƙarfi | Mai sauƙi | Jaki mai kulli | Kusan kowane salo |

Abin da ya shafe su duka

Hunturu ba ya barin katako. Idan iska ta bushe, wuyan jita yana tsukewa amma ƙarafan da aka jera a kansa ba sa tsukewa, sai bakinsu ya fito yana kartar yatsa. Wuya mai fuskar mapul da aka shafe da fenti ya fi jurewa; mai baƙin katako tsirara yana son a ɗan shafa masa man katako sau ɗaya ko biyu a shekara. A ajiye jita cikin jakarta, nesa da taga da rufin kwano mai zafi. Da damina kuma gumi ne ke cin tsirkiya, sai a riƙa gogewa da tsumma bayan kowane kiɗa.

Wuta ta fi wannan haɗari. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da wayar da ke sauke wuta ƙasa ta cikin amfilifaya. Idan soket ɗin ba shi da wannan wayar, kuma wani abu ya lalace a ciki, jikinka ne hanyar. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows a kan dandamali wuta ta kashe shi a 1972, Keith Relf tsohon mawaƙin Yardbirds kuma a gidansa a 1976 yana kaɗa jita. Idan ka ji tsirkiya ko makirufo na ɗan cizon leɓe ko yatsa, ka kashe komai ka kira mai gyaran wuta. Sannan amfilifayar da aka sayo daga Amurka yawanci ta wuta 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230. A duba bayanta kafin a jona. Ka ware wa amfilifaya aƙalla sulusin kuɗinka, domin jita mai tsada a kan sifika mara kyau ba ta fi mai arha daɗin ji ba.

Wa ya dace da wace

Idan kiɗan Agadas ne ya jawo ka, ko bulus, ko sautin Hendrix, ɗauki Stratocaster, ka koyi zama a matsayi na biyu da na huɗu ranar da wuta ta ƙi. Idan kai mai yawon biki ne, jita a bayan babur yau nan gobe can, kuma babu mai gyara kusa, Telecaster ce taka. Wanda zuciyarsa ke kan had rok na shekarun 1970, yana da ɗaki mai tsari, zai sayi akwati mai tauri da abin jinginawa tun ranar farko, ya sayi Epiphone Les Paul, ba zai yi nadamar sautin ba. Mai son wannan gurnanin amma kafaɗarsa ba za ta ɗauki kilo huɗu ba, ko yarinya ko yaro ɗan makaranta, SG. Mai son metal mai gudu ya nemi Ibanez mai kafaffen jaki.

Wanda kuwa har yanzu kunnensa bai tsaya a salo ɗaya ba, kuma wutar unguwarsu rabi janareta ce, wato yawancin masu tambayata, mai ruwa biyu nake ce masa ya saya, Pacifica 112 ko Squier mai hambaka. Bahago kuma ya nemi ta bahago tun farko ko da zai jira wata biyu kafin a kawo masa. Hendrix ya kifar da ta dama ya sake jera tsirkiya, amma yin haka yana buƙatar a canja ɗan ƙashin da tsirkiyoyi ke bi ta kai a kan wuya, kuma maɓallan murya za su dawo daidai ƙarƙashin damtsenka.